Shanun da Suka Tafi da Ingilishin Saliha

Idan ka shiga kasuwar dabbobi ta Magarya ka ga wata doguwar mace da akwatin allura a kafaɗa, tana raɗa wa bajimi magana a kunne kafin ta soka masa allura, to Saliha ce, ƴar Kawu Manu. Taubashiyata ce. Mahaifinta da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kanta. Ita ma tana da irin wannan izini a kaina, kuma ba ta taɓa barinsa ya kwana banza ba. Ni ne Sirajo, ɗan kabu-kabu a Bande. Tana cewa ni bawanta ne, ina cewa ita ce baiwata, har yau ba a sami alƙalin da zai raba mu ba.

Yanzu makiyaya sukan kawo mata kwalaben maganin da aka shigo da su daga Najeriya, ta juya kwalba ta karanta Ingilishin da ke jiki, ta ce wannan na tsutsar ciki ne, wancan kuma ya lalace tun bara, a zubar. Sai su yi ta kallonta kamar da Ingilishi aka yanke mata cibi. Ni dariya kawai nake yi, don na san ta lokacin da ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba ta iya kwana a kanta.

Su Kawu Manu a ruga suke, gabas da Bande. Suna noman gero da wake kamar kowa, ga kuma shanu. Mahaifiyata ce ta auri manomi ta shigo gari, shi ya sa na tashi ban iya ko riƙe ƙwaryar tatsa ba. Saliha kuwa ƴar fari ce, a ɗakin kakarmu Inna ta girma, kuma tun ba ta kai tsayin ɗan maraƙi ba take cikin garke. Ta san kowace saniya da uwarta da kakarta. Ta san wadda ke son a sosa mata wuya, ta san wadda in ka bi ta bayanta sai ka koma gida kana ɗingishi. Wata shekara ciwo ya shiga maruƙa ya kashe da yawa, mai allura bai iso ba sai da aka gama asara. Tun ranar ta ce ita ce za ta zama mai allurar, kuma ba ta sake canza magana ba.

A ƙaramar lekol, wato makarantar firamare, ba ta sha wuya ba. Faransanci ya shiga, lissafi ya shiga. Da ta shiga kolej a Bande sai ga Ingilishi. Malaminsu, Mushe Rilwanu, mutum ne mai haƙuri da son raha. Ran Litinin yakan cika allo da sababbin kalmomi, ran Juma'a ya tambaye su. Ni nake ɗauko ta da safe in ina da hanya, tana bayana tana maimaita kalmomin a kunnena har kunnen ya yi zafi. Muna isa ƙofar lekol sai in ce, "To baiwata, faɗi guda." Sai ta buɗe baki ta rufe.

"Babur ɗinka ne," in ji ta. "Duk ramin da ka faɗa sai kalma ɗaya ta zube."

"Kanki ne rariya, kada ki ɗora wa babur."

Ita nata bayanin shi ne wai Hausa da Fulatanci da Faransanci sun riga sun cika ɗakin, Ingilishi ya zo bai sami inda zai shimfiɗa tabarma ba. Muna ta wasa da abin har ya daina zama wasa. Ta maimaita aji na biyu, wanda suke kira sankyam. A lekol ɗinsu kuwa wanda ya maimaita aji ba a sake ba shi dama. In makinsa na ƙarshen shekara bai kai rabi ba, sai gida. Darekta ya kira ta ya faɗa mata haka ƙarara, ya nuna mata cewa Ingilishi ne ke janye ta ƙasa. In ta koma gida kuwa, maganar allura ta ƙare ke nan. Ranar ni na mai da ita gida a kan babur. Na ji tausayinta ƙwarai, amma taubashi ba ya faɗin irin wannan, sai kawai na bi da ita ta hanyar da ba ramuka.

Abin da ya fara ceto ta wata saniya ce mara mutunci mai suna Wule. Bayan girbi shanu sun dawo daga arewa, an kafa musu turaku a gonar Kawu, suna cin kara suna zuba taki. Wata safiya Saliha na tatsar Wule, ƙwarya ta kusa cika, sai Wule ta ɗaga ƙafa ta yi fatali da ita. Haushi ya turnuƙe Saliha. Ga Inna a kusa, ba dama ta yi zagi da Hausa ko Fulatanci, Faransancin ma Inna ta san na zagin. Sai wata kalma daga allon Mushe ta faɗo mata a baki, ta nuna Wule da yatsa ta ce, "Stubborn." Wato mai taurin kai. Ran Juma'a da aka yi tambaya duk kalmomin suka gudu kamar kullum, ban da wannan ɗaya. Tana rufe ido ta ga Wule da farin goshinta, ga kalmar tsaye kusa da ita.

Saliha ba sakarya ba ce, duk da abin da nake faɗa a gabanta. Washegari ta fita tatsa da kaye, wato littafin rubutu, a hammata, ta fara rabon kalmomi kamar mai rabon dusa. Kalmomin hali ta ba kowace saniya wadda ta dace da ita. Mai sanyin hali ta sami gentle, mai zarin ci ta sami greedy. Sunayen abubuwa kuma ta rataya su a jiki. Akwai wata doguwa mai miƙaƙƙen baya da ake kira Saye, sai bayanta ya zama bridge, wato gada, jelarta ta zama river, kogin da ke bi ta ƙarƙashi. Kalmomin aiki, irin su gudu da tsalle da faɗuwa, ta zuba wa maruƙa, tunda su ne ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kowace safiya takan bi turaku ɗaya bayan ɗaya, ta dafa ƙaho ta faɗi kalma, ta kama kunne ta faɗi wata, ta wuce gaba. Shanu dai ba su yi ƙorafi ba. Inna ce kawai ta ce nonon ya fara ɗanɗanon boko.

Makinta ya fara hawa. In Mushe ya jefo mata tambaya sai ta runtse ido, yatsunta su riƙa motsi a kan tebur irin na mai tatsa, can sai amsa ta fito. Wata rana ya kasa haƙuri ya tambaye ta me take yi. Ta faɗa masa gaskiya, aji ya fashe da dariya, wasu har da kukan shanu. Mushe ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ku yi ta dariya. Ita dai ta sami turken ɗaure nata Angile, naku kuwa yana can yana yawo a daji." Angile shi ne Ingilishi a bakin ƴan lekol.

Har ta fara yi min iyayi a kan babur. Duk abin da muka wuce sai ta faɗi sunansa da Ingilishi, daga jaki har mai tallan ƙosai, sai da na ce in ba ta yi shiru ba zan sauke ta ta ƙarasa da ƙafa. Rani ya yi nisa, garke ya cika da kalmomi. Waɗanda suka fi tsawo da wuya, na darussan ƙarshe, ta tara su a kan Ɓaleri, baƙin bajimin Kawu Manu, don ta ce shi kaɗai ke da wuyan ɗaukarsu. Tozonsa shi ne mountain, sauran kuwa ni ko faɗinsu ba na iyawa.

Akwai abu ɗaya da duk muka manta, ni da ita da Mushe, abin da ƙaramin yaro a ruga ya sani. Shanu ba sa damina a gida. Da zarar ruwan shuka ya sauka, gonaki sun koma na gero, garke sai ya kama hanyar arewa, ba ya dawowa sai bayan girbi. Yawanci kafin nan an gama jarrabawa. A shekarar kuwa ruwa ya yi sammako. Saura ƴan kwanaki jarrabawar ƙarshen shekara, hadari ya haɗu da la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye ƙasa ta jiƙe sharkaf. Kowa ya fita da sungumi yana murna. Ni ma na jingine babur na tafi gonar babanmu. Mutum ɗaya ce a duk ƙasar Bande ta kalli wannan ruwa gabanta ya faɗi.

Ba ta iya tunkarar mahaifinta. Tsakanin Kawu Manu da ƴarsa ta fari akwai kunyar nan ta mutanenmu. Ba ya zama inda take, ba ya yi mata magana kai tsaye, in yana son ta ji wani abu sai ya faɗa wa na kusa da ƙarfi. Saboda haka ta aiki Inna ta roƙe shi a jinkirta tafiyar shanu har a gama jarrabawa.

Kawu ya saurara yana gyara ƙotar sungumi. Ya ce, "Inna, maƙwabcinmu Malam Husaini ya shuka, na gabas da mu ma sun shuka. Jibi-gata gero zai tsiro. In saniya ɗaya ta tsinke ta shiga gonar mutane, zaman lafiyar da muka gada ne zai lalace. Gobe Ilyasu zai kora su."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ba ni haushi, don ba ta da wurin kamawa. Washegari ƙaninsa Kawu Ilyasu ya sa sanda a kafaɗa ya shige gaba, garke ya bi shi. Saliha ta tsaya a bakin hanya tana kallon Ingilishinta yana tafiya arewa yana kaɗa jela. Saniya ɗaya aka bari don nonon gida, wata tsohuwa mai ɗingishi da ake kira Fure. Abin takaici, kalmomin da ke kan Fure sunayen ranakun mako ne, su kuwa ko ni na iya su.

Na ce mata ai shanun suna cikin kanta, ta rufe ido ta kira su mana kamar yadda take yi a aji. Ta ce ba haka abin yake ba. A aji tana ganinsu ne don da safe ta taɓa su. Yanzu da ba ta taɓawa sun fara cakuɗewa, kalmar wannan ta hau kan waccan. Takan je gona da kaye ta tsaya, ba komai sai turaku da taki. Ta koma karatu irin na da, na maimaitawa, abin ya koma zubewa irin na da. Nan da nan ta rame. Har na daina tsokanarta, wanda a wurin taubashi alama ce ta abu ya yi tsanani.

Ran Asabar da la'asar na kai wa Inna saƙon gishiri da kanwa daga mahaifiyata. Turakun suna nan a bayan gida, a gefen da ba a shuka ba tukuna. Na tarar da Saliha zaune a gindin turken Wule tana share hawaye da bakin mayafi. Inna ta daɗe tana kallonta. Can sai ta tashi, ta ɗauki wata tsohuwar ƙwarya ta ajiye a ƙasa, ta je ta tsaya daidai inda Wule ke tsayawa. Ta sunkuya ta dafa turke, ta karkata kai ta harari Saliha ta gefen ido, sak yadda Wule ke yi. Sannan ta ɗaga ƙafa ta yi fatali da ƙwaryar.

Wannan fa tsohuwa ce da in ta idar da sallah sai ta dafa bango take miƙewa. Saliha ta tuntsire da dariya, ga hawaye na zuba, ta ce, "Stubborn."

"Saura ta kunne," in ji Inna, ta miƙo mata kunne.

Saliha ta kama kunnen kakarta, kalma ta fito. Ta dafa kafaɗa, wata ta fito. Kafin ka ce me duk kayan Wule sun dawo.

Daga nan Inna ta karɓi mulki. Ta kira Lubabatu, matar Kawu Ilyasu, ta ce ita ce Saye tunda ita ce doguwa. Ta tara yaran gida ta ce su ne maruƙa, su kuwa kamar jira suke. Aka leƙa maƙwabta aka ƙaro mata. Mutanen ruga ba sa jin zafi don an kira su da sunan saniya, har gardama wasu suke yi a kan wadda za a ba su. Kowa ya san halin kowace, kowa ya iya kwaikwayonta.

Ina lallaɓawa wajen babur sai na ji Inna ta ce, "Kai ɗan gari, dawo nan. Akwai turken da ba kowa."

"Inna, ni fa da mutuncina a tasha."

"Bar shi a tashar, in ka koma ka ɗauka. Kai ne Goje."

Goje wani sa ne mai tumbi, wanda ba ya tashi sai an murɗe masa jela. Na kwanta a wurinsa. Saliha ta zo ta dafa kaina ta ce lazy, ta ja kunnena ta ce ugly, ta buga cikina ta ce useless. Na ce a fassara min. Da na ji wai malalaci, mummuna, mara amfani, sai na ce ban yarda ba, wannan sharri ne. Ta rantse tun lokacin sanyi kalmomin suke kan Goje, kuma ba ita ta zaɓa min turke ba. Har gobe ban gaskata ba.

Haka ta bi layi tana dafawa tana faɗa, mu kuma muna kaɗa kai muna kukan shanu, har ta iso turken ƙarshe, babban, na Ɓaleri. Nan ta tsaya. Ba wanda ya je wurin. Ɓaleri bajimin maigida ne, ba yaro ko mace da za su tsaya a matsayinsa, ni kuma an riga an mai da ni Goje. Ta dafa turken ta rufe ido, ta motsa baki, shiru. Ga shi kuwa a kansa manyan kalmomin suke, waɗanda Mushe ya ce lalle za su fito.

Sai muka ji gyaran murya a bayanmu. Kawu Manu ne ya dawo daga gona, sungumi a kafaɗa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ga uwarsa a duƙe riƙe da turke, ga matar ƙaninsa tana kaɗa gefen zane wai jela, ga ni kwance cikin taki. Kowa ya daskare. Saliha ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ni har na fara shirya bayanin da zan yi, wanda duk laifin zai koma kan Inna.

Kawu ya ƙaraso. Ya ajiye sungumi, ya taka a hankali har turken Ɓaleri, ya juya mana baya ya fuskanci gabas, don haka Ɓaleri ke tsayawa, ba ya kallon kowa. Ya sunkuyar da wuya, ya ɗaga kafaɗu suka yi tozo. Sannan ya karci ƙasa da ƙafa, ya yi huci ta hanci.

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai mamaki ya kama ni, don mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa a gaban ƴarsa ba. Saliha ta kasa motsi, sai da Inna ta ce a hankali, "Je ki mana, kada ki bar shi a duƙe."

Ta matsa, ta ɗora yatsu a kafaɗar mahaifinta. "Mountain," ta ce, murya can ƙasa. Sai ta gaba ta biyo, sai ta gaba, dogaye masu murɗa harshe, suna fitowa a jere ba ko tuntuɓe. Da ta gama Kawu ya miƙe, ya ɗauki sunguminsa ya shige gida bai waiwayo ba. Sai a lokacin Inna ta zauna a ƙasa ta yi dariya har ta shaƙe, aka kawo mata ruwa.

Haka aka yi ta yi kullum la'asar har ranar jarrabawa. Ni ma kullum sai na bar fasinja a tasha na zo na kwanta a wurin Goje, kada wani ya ce ban yi zumunci ba. Kawu kuwa bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa yin maganar ba. Sai an kusa isa turkensa za a ga ya ɓullo kamar wucewa kawai yake yi.

Ranar jarrabawar Ingilishi ni na kai ta, kuma ba ta karanta komai a kunnena ba. Da ta fito na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce shanu da mutane duk tare suka zo mata, har ta ga Wule da ɗankwalin Inna, amma kalmomin dai sun tsaya a wurarensu. Ta ce akwai jimlar da ta buƙaci lazy, fuskata ce ta zo mata tun ba ta nema ba.

Gero ya fara rufe ƙasa aka ba da sakamako. Ba zan yi ƙarya in ce ta zo ta ɗaya ba. Ta dai haye, da ɗan rata kaɗan, kuma Ingilishin da ke janye ta shi ne ya tura ta. Na ɗauko ta muka nufi ruga, na faɗa duk ramin da ke hanya ba ta kula ba. Muka sami Kawu a gona yana noman farko, Inna na zaune a inuwar tsamiya ta kawo masa fura. Saliha ta durƙusa gaban Inna, ta ɗaga murya yadda za ta kai tsakiyar gona, ta ce, "Inna, na wuce. Ba za su kore ni ba."

Inna ta rangaɗa guɗa. Kawu bai ɗago ba, hauyarsa ba ta tsaya ba, sai da ya kai ƙarshen layi ya juyo. Da ya zo daidai inda nake tsaye ya ce, yana kallon ƙasa, "Sirajo, wayarka tana samun Ilyasu?"

Na ce tana samunsa in ya hau tudu. Na ɗauka maganar hatsi ce, don lokacin rumbu ya yi ƙasa, kuma a irin wannan lokaci kowane makiyayi yakan sayar da sa guda ya sayi abin da zai kai shi kaka.

"Ka ce masa shanun nan biyu da muka ce za a kai kasuwa, ya bar su. Za mu yi maneji da abin da ya rage. Bana ko ɗan maraƙi ba a sayarwa, akwai karatu a kansu."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama hauya ya ci gaba da noma.